Daga ina na'ura ta samo farashin albasar Tamaske?

Duk wanda ya taɓa yi wa ɗaya daga cikin manhajojin nan masu ƙirƙirarriyar basira tambaya a kan yankinsa ya san ba sa jin nauyin amsawa. A tambayi ChatGPT ko Gemini ko Claude yawan ruwan da ya sauka a gundumar Keita a daminar bara, ko kuɗin tiyar hatsi a kasuwar Tamaske a watan Yuni, ana iya samun amsa nan take, cikin jimla mai tsari, har da lamba. Sai dai idan manhajar ba ta da hanyar leƙa wani rumbun bayanai a lokacin da ake tambayar, wannan lamba ba daga ma'auni ta fito ba. An horar da irin waɗannan manhajoji ne da tarin rubuce-rubuce, suka koyi wace kalma ce ta fi dacewa ta biyo wace, kuma horon yana da ranar da ya tsaya. Abin da duniya ta yi ta rubutu a kansa, kamar Paris ko Landan, sukan dace da gaskiyarsa sau da yawa. Wuraren da alƙalami bai cika bi ta kansu ba, irin su Tamaske da Garhanga da Ibohamane, sai su cike giɓin da abin da ya yi kama da gaskiya. Mai tambaya kuwa ba shi da yadda zai gane wace amsa ce aka ɗebo, wace ce aka ƙaga, domin murya ɗaya ce ta faɗe su duka biyun.

Dabarar da masu wannan sana'a suka fito da ita ita ce a rage dogaro da haddar na'ura, a ba ta hanyar zuwa ta ɗauko amsa a inda aka ajiye ta. A watan Nuwamba na 2024 kamfanin Anthropic ya fitar da wata ƙa'ida mai suna Model Context Protocol, MCP a taƙaice, ya bar ta a buɗe ga kowa. A cikin 2025 OpenAI da Google da Microsoft suka karɓe ta, a Disambar shekarar kuma aka miƙa kula da ita ga wata gidauniya da ke ƙarƙashin Linux Foundation. Yadda take aiki ba shi da sarƙaƙiya. Mai rumbun bayanai, ko wani da ya ga dama, yakan kafa uwar garke, wato kwamfutar da ke kunne dare da rana tana jiran buƙatu. Uwar garken tana ɗauke da jerin ayyukan da za ta iya, kowanne da ɗan bayaninsa: wannan na nemo wuri da sunansa ne, wannan na ɗebo ruwan saman wuri kaza daga rana kaza zuwa rana kaza, wannan na kawo farashi. Mutum ya yi tambaya da harshensa, manhajar ta karanta jerin, ta zaɓi aikin da ya dace, ta aika buƙata, ta karɓo lambobi, sannan ta mayar da su magana. Kafin wannan ƙa'ida, kowace manhaja sai an ƙera mata mahaɗinta na musamman da kowane rumbu. Yanzu mahaɗi ɗaya ya ishi duk manhajar da ta san ƙa'idar.

Da farko yawancin mahaɗan nan sai mutum ya saukar da su a kwamfutarsa ya kunna da hannunsa, abin da ke buƙatar kwamfuta, da wuta mai tsayawa, da ɗan ilimin rubuta umarni. Wannan sharaɗi kaɗai ya isa ya sallami kusan kowa a Tamaske. Lissafi ya sauya ne da aka fara girke su a intanet, wasu kyauta ɗungurungum, wasu kyauta amma da iyakar tambayoyi a rana: adireshi kawai ake liƙa wa manhaja, nauyin aikin kuma yana kan wata kwamfuta a wata ƙasa. A Satumbar 2025 aka buɗe rajistar da ke tattara sunayen waɗannan mahaɗai, kuma a watan ne Google ya fitar da mahaɗin Data Commons, rumbun da ya haɗa alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya da Bankin Duniya da hukumomin ƙididdiga na ƙasashe. Ƙungiyar ONE, mai fafutukar yaƙi da talauci a Afirka, ta gina a kansa wata manhaja ta binciken kuɗin da ake kashewa a kiwon lafiya. Ban da manyan kamfanoni, akwai ɗaiɗaikun masu rubuta manhaja da suka kafa nasu mahaɗan ga rumbunan yanayi da taswira, wasu don sha'awa kawai.

Su bayanan kansu sun daɗe a buɗe. Tun 2008 Amurka ta daina sayar da hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat, ta bar su kyauta. Bankin Duniya ya buɗe alƙalumansa a 2010. A 2014 ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai tsara ayyukan agaji ya kafa rumbun HDX, inda ake samun farashin abinci na kasuwannin Nijar da Hukumar Abinci ta Duniya ke tarawa. Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara tana da CHIRPS, ƙiyasin ruwan sama na kowace rana tun daga 1981. A cikin gida ma akwai INS mai ƙididdiga, da SIMA da ke bin farashin kasuwanni tun 1989, da cibiyar AGRHYMET da ke Yamai tun 1974, da RECA, uwar ƙungiyar zaurukan manoma. Amma fa malamin gona na Keita ko sakataren ƙungiyar manoman albasa a Madawa bai taɓa cin moriyar mafi yawansu ba, saboda kafin ya fito da lamba ɗaya daga CHIRPS sai ya iya Ingilishi, ya san nau'in fayil ɗin, ya mallaki manhajar buɗe shi, ya kuma ƙone kuɗin data wajen saukar da abin da kashi ɗaya cikin dubunsa kawai yake so. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Mahaɗan nan guga ne da igiyarsa, kuma duk wanda ke noman rani a fadamun Adar, ƙasar da Tamaske ke ciki, ya san kyawun guga ba ya ƙara ruwan rijiya ko ɗigo ɗaya.

A nan ra'ayina yake. Babbar ribar wannan fasaha ga wuri kamar Tamaske ita ce amsa ta zo da asalinta: wane rumbu, wace rana aka auna, wane wuri aka auna. Amsar da ke da asali ana iya bin sawunta, a ƙaryata ta ko a gaskata ta, a ɗauke ta a kai gaban magajin gari ko jami'in wata ƙungiya a ce ga abin da alƙalumanku suka faɗa. Amma da zarar an fara bin sawun, abin da ake tararwa shi ne rumbunan duniya sun san Nijar a dunƙule, sun ɗan san jihar Tawa, Tamaske kuwa sama-sama. Saboda haka aikin da ke gabanmu ya fi karkata ga tattara bayananmu da buɗe su da riƙe su a hannunmu fiye da murnar cewa an samu mahaɗi kyauta.

Mu ɗauki ruwan sama, tunda shi ne tambayar farko ta kowa daga watan Mayu. CHIRPS ba ya auna ruwa a ƙasa. Yana duba sanyin saman gajimare ne daga tauraro, ya ƙiyasta ruwan da irin wannan gajimare ke zubarwa, sannan ya gyara ƙiyasin da rahoton tashoshin da suka aiko da nasu awon. Yana raba ƙasa gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 5 a tsaye da kwance. Rumbun POWER na hukumar NASA, wanda masu kafa mahaɗai ke so saboda sauƙinsa, gidansa ya kai kimanin kilomita 50, faɗin da zai iya haɗiye garuruwa da dama ya ba su lamba ɗaya. Alhali a Adar hadari yakan zube a kan wani dutse, korama ta taso ta cika fadama, gonar tudu da ke tafiyar sa'a ɗaya daga nan ko ƙura ba ta kwanta ba. Ma'aunin da masana suka saba amfani da shi wajen cewa damina ta kama shi ne a samu milimita 20 cikin kwana uku, ba tare da dogon fari ya biyo baya ba. Manomin da ya yi binne yana jiran ruwa, ko wanda ke tona ƙasa da hannu ya ga inda danshi ya kai kafin ya fito da iri, kuskuren milimita goma ya isa ya sa shi asarar irinsa. Ga wannan hukunci, tauraro bai kai ma'aunin ruwan da aka kafa a ƙauye ba, irin wanda ake karanta sakamakonsa a rediyon ƙasa da damina. Amma idan tambayar ita ce ko farkon damina a gundumar Buza yana ja baya cikin shekaru arba'in, ko sau nawa aka yi farin kwana goma a watan Yuli tun 1981, babu wani dattijo, komai ƙarfin tunaninsa, da zai ba da amsar da ta kai ta wannan rumbu. Manhajar da ta san aikinta za ta faɗi wanne daga cikin biyun take bayarwa. Wadda ba ta faɗa ba, mai tambaya ya tilasta mata.

Irin wannan tambaya ta dogon zango tana da nauyi a yankin nan fiye da wurare da yawa, domin ƙasar Keita da Buza an zuba mata aiki. Tun 1975 ƙungiyar CARE ta fara dasa layukan bedi a kwarin Majiya don tare iska. A 1984, shekarar da yunwa ta yi tsanani, aka fara babban aikin raya karkara na Keita da kuɗin Italiya, ƙarƙashin kulawar FAO, hukumar noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, Hukumar Abinci ta Duniya tana biyan masu aiki da abinci, kuma mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun, saboda maza sun tafi cin rani. An dasa miliyoyin itatuwa, an gina madatsun ruwa, an farfaɗo da faƙo. Shekara arba'in bayan haka, tambayoyin da ya kamata majalisar gari ta riƙa yi su ne wace madatsa ce rairayi ya cike, wane gangare ne ya koma tsirara, ina ne ramukan tara ruwa na tassa da na rabin wata suka riƙe. Hotunan Sentinel-2 na Turai, masu ganin fili mai faɗin mita 10 duk bayan ƴan kwanaki, suna iya taimakawa wajen amsa su, kuma kyauta ne. A wannan fage mahaɗan na iya yin aikin da a da sai an ɗauko ƙwararre daga waje an biya shi.

Alƙaluman jama'a kuwa suna nuna wata matsala ta daban. Ƙidayar da kowa ke jingina da ita ta Disambar 2012 ce, wadda ta ba Nijar mutum miliyan 17 da ƴan kai, jihar Tawa kuma fiye da miliyan 3. Shekaru fiye da goma suka shige ba a sake ba, a ƙasar da jama'arta ke ƙaruwa da kusan kashi 4 cikin ɗari a shekara. Duk lambar da rumbun duniya zai bayar a matsayin yawan mutanen Tamaske na bana, hasashe ne da aka ɗora a kan 2012, kuma hasashen bai san yadda Adar ke zubewa bayan girbi zuwa Abijan da Kano da Legas da Libiya ba. Bakin da ke cin tuwo a gida a watan Janairu daban yake da na watan Yuli, kuma wanda ke lissafin maganin asibiti ko hatsin bankin abinci da wannan bambanci yake aiki. Ga kuma batun iyakoki. A 2011 gundumomin ƙasar suka tashi daga 36 zuwa 63, Malbaza ta fita daga cikin Ƙonni, ta tafi da Galmi. Manhajar da ta jera alƙaluman noman albasa na Ƙonni daga 2005 zuwa yau ba tare da sanin wannan ba za ta ga kamar noma ya rushe a shekara ɗaya, alhali layi ne kawai aka ja a taswira. Haka sunaye: rumbu ya san Madaoua da Bouza da Tahoua, mai tambaya da Hausa ya rubuta Madawa da Buza da Tawa. Wani lokaci manhajar takan gane, wani lokaci ta dawo ta ce babu, wani lokaci, wanda ya fi muni, ta kawo alƙaluman wani gari mai kama da sunan.

Albasa ce ta fi fito da giɓin fili. Ita ce kuɗin wannan yanki, daga kwarin Tarka a Madawa har fadamun Tamaske, kuma manyan motoci na ɗaukar ta zuwa Gana da Kodebuwa da Togo da Najeriya. Hukuncin da ya fi kowanne tsada ga mai lambu shi ne na bayan cira, wajen Maris da Afrilu, lokacin da kasuwa ta cika farashi ya faɗi: ya sayar yanzu ya biya bashin taki da man injin ban-ruwa, ko ya zuba a rudu, wato ɗakin ajiyar albasa, ya jira watannin da farashi ke ninkawa, yana sane da cewa wani kaso zai ruɓe? Abin da zai taimake shi shi ne jerin farashin buhu, mako-mako, na shekaru goma, a kasuwarsa da kasuwannin da albasar ke zuwa. Rumbunan duniya da ke buɗe kuwa, da yake don sa ido kan yunwa aka gina su, hatsi da dawa da masara da shinkafa da wake suka fi bi. Abin da ake tarawa a cikin gida game da albasa yawanci a cikin rahotanni yake fitowa, shafi-shafi da Faransanci, tsarin da idon mutum ke karantawa amma na'ura ke wahalar tsamo lamba daga ciki. Kuma ko an tsamo, buhu ba awo ɗaya ba ne. Na wata kasuwa ya fi na wata, wani ana ɗora masa ƙari a baki har ya yi tozo. Rumbu yana lissafi da kilo da sefa, kasuwa tana magana da tiya, mai kusan kilo biyu da rabi, da dala da jika. Mutum ya ce wa manhaja an saya masa buhu jika goma sha biyar. In ba ta san jika sefa 1,000 ce ba, dala kuma sefa 5, duk lissafin da zai biyo baya ya karkace tun daga tushe.

Wani zai ce duk wannan zancen ƴan birni ne: mafi yawan ƴan Nijar ba sa shiga intanet, ƙasa da rabin manya ne ke karatu da boko, manomi kuma in yana son farashi sai ya buga wa ɗan'uwansa da ke Kumasi waya ya ji daga baki. Gaskiya ne, kuma ga farashin yau babu rumbun da zai kamo wannan kira. Amma labari bai taɓa buƙatar kowa ya riƙe na'ura kafin ya yi tasiri ba. Binciken da masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ta yi a kasuwannin hatsin Nijar tsakanin 2001 da 2006, lokacin da salula ke shigowa, ya nuna bambancin farashi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, kuma ta hannun ƴan kasuwa sauyin ya biyo, a lokacin da manoma kaɗan ne ke da waya. Waɗanda za su fara amfani da mahaɗan nan su ne masu tsayawa tsakanin bayani da jama'a: malamin gona, mai gabatar da shiri a rediyon karkara, sakataren ƙungiya, ma'aikacin ofishin magajin gari, ɗalibin Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa da ke rubuta kundinsa a kan garinsu. RECA ta riga ta nuna hanyar, da cibiyar kiranta da zaurukan WhatsApp inda manomi ke aika murya da Hausa ko hoton ganyen da ƙwari suka ci, a ba shi amsa da murya. Mai ba da wannan amsa shi ne ya fi kowa buƙatar ya ɗebo lamba cikin minti ɗaya maimakon yini ɗaya.

Akwai ƙorafin da ya fi wannan ƙarfi: idan aka buɗe farashi da yawan amfanin da aka noma ga duk duniya, wanda zai fi cin riba shi ne babban mai saye da ke Abijan ko Akara, mai kwamfuta da ma'aikata, shi kuma mai lambu a ƙara matse shi. Ban ɗauki wannan da wasa ba, domin bayani yakan fi amfanar wanda ke da jarin da zai yi aiki da shi. Amma a duba wanda ya riga ya sani. Babban ɗan kasuwa yana da dillalai a Galmi da Tsarnawa da Madawa da Tamaske, suna kiransa safe da yamma. Ya san abin da ke rudu kafin a buɗe shi. Da aka rufe iyakar Benin a 2023, shi ne ya fara sanin nawa sauya hanya ya ƙara wa kuɗin mota, kuma shi ke faɗa wa manomi adadin da ya ga dama. Ɓoye alƙaluma ba ya rage masa komai. Wanda duhu ke cuta shi ne wanda ya san kasuwa ɗaya tak. Abin da buɗe bayani ba zai yi ba shi ne biya wa manomi bashin da ke tilasta masa sayarwa a Afrilu. Wannan aikin ƙungiya ne da lamuni da ɗakin ajiya mai kyau.

Sai batun kalmar kyauta, wadda ta cancanci a tsaya a kanta da lissafi. Uwar garke tana cin wuta da kuɗin haya kowane wata, kuma wani ne ke biya. Ranar da ya gaji, ko gwamnatinsa ta sauya ra'ayi, adireshin sai ya daina amsawa, ba sallama. Ba sai an yi hasashe ba. FEWS NET, tsarin gargaɗin yunwa da Amurka ta kafa a 1985 bayan bala'in 1984, wanda ma'aikatan agaji a Sahel suka dogara da shi kusan shekara arba'in, shafinsa ya rufe a ƙarshen Janairun 2025 da gwamnatin Trump ta dakatar da tallafin waje, kuma sai bayan watanni ya dawo. Idan rumbu mai wannan tarihi zai iya ɓacewa dare ɗaya, mahaɗin da wani saurayi ya kafa a Turai don nishaɗi ba abin gina tsarin gunduma a kansa ba ne. Mutanen Nijar sun ɗanɗana irin wannan ta wata fuska a Agustan 2023, lokacin da wutar da ke zuwa daga Najeriya ta yanke. Wasu za su kammala daga nan cewa a guje wa kayan waje gaba ɗaya. Ni ban ga hikimar ƙin hoton tauraron da ba mu da halin harbawa ba. Abin da ya dace shi ne a yi amfani da shi, a ajiye kwafin abin da ya shafe mu a gida, tunda lasisin buɗaɗɗun bayanai yakan yarda da haka, kuma ƙa'idar MCP a buɗe take, kowa na iya kafa tasa uwar garken ba tare da neman izinin kowa ba.

Akwai kuma haɗarin da ba a gani da ido. Mai uwar garke yana iya ganin duk buƙatar da ta shigo masa. Tambaya a kan ruwan sama ba ta da illa, amma wanda ya zuba sunayen membobin ƙungiya da lambobin wayarsu da bashin da ke kansu a cikin hira, ya fitar da su daga hannunsa, kuma Nijar tana da dokar kare bayanan mutane da ta hana wasa da irin wannan. Sannan manhajar tana ɗaukar bayanin da uwar garke ta rubuta a kan ayyukanta da muhimmanci. Masu binciken tsaro sun nuna tun 2025 cewa ana iya ɓoye umarni a cikin wannan bayani, manhajar ta bi shi mai ita bai sani ba. Don haka mahaɗin da hukumar da ta mallaki rumbun ta kafa da sunanta ya fi wanda ba a san mai shi ba, ko da na biyun ya fi sauri. Kuma ko daga sahihin rumbu lambar ta fito, manhajar na iya zaɓar shekarar da ba ita ba, ko ta ɗauki matsakaicin jiha ta kira shi na gari. Tambayoyi uku ke tona wannan, kuma ba sa buƙatar digiri: daga wane rumbu, na wace rana, na wane wuri daidai.

Abin da Nijar za ta kafa ba babban gini ba ne. Farashin SIMA na mako-mako a cikin jadawalin da na'ura ke karantawa, har da albasa da wake da nauyin buhun kowace kasuwa. Awon ruwan sama na kowace tasha daga hukumar yanayi ta ƙasa. Kundin sunayen garuruwa na INS tare da yadda ake rubuta kowane suna da Hausa. Takardun fasaha na RECA. Dokar ba jama'a damar samun bayanan hukuma tana nan tun 2011, hukumar ANSI mai kula da harkar fasahar zamani tana nan, kuma tun Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, abin da ke sa rashin sunayen Hausa a rumbun hukuma ya zama abin tambaya. Rubuta mahaɗin kansa aikin ƴan makonni ne ga ƙwararrun matasa biyu ko uku. Tsadar tana can ƙasa, wajen mai binciken da zai hau babur ya je kasuwar Tamaske kowane mako ya auna tiya ya rubuta, da mai karanta ma'aunin ruwa a ƙauye da safe, da kuɗin mansu da alawus ɗinsu da ya kamata ya fito daga kasafin ƙasa maimakon aikin wata ƙungiya mai ƙarewa bayan shekara uku. Makon da mai binciken bai je ba, layin wannan mako ya zauna babu komai a jadawali, kuma a tsara uwar garken ta mayar wa manhaja da amsar cewa ba a auna ba, don kada ta ɗauki farashin Tawa ko na makon jiya ta miƙa wa mai lambu a matsayin na kasuwarsa.